Rawani da Kaftani a Fadojin Turai: Yayin Shigar Turkawa a Hotunan Ƙarni na 18

Daga farkon ƙarni na 18 har zuwa wajen ƙarshensa, manyan Turai sun shiga yayin sa a zana su cikin tufafin Turkawa. 'Ya'yan sarakuna, matan masu sarauta, jakadu, attajirai, har da malaman coci, sukan ajiye kayansu na gado, su naɗa rawani ko su ɗora doguwar hula mai gashin dabba, su zuba kaftani a kan wando mai faɗi, su harɗe a kan darduma, mai zane ya ɗauki kamanninsu a haka. Faransawa suka fi kowa yin nisa a cikinsa, su ne kuma suka raɗa masa sunan da masana tarihin zane ke amfani da shi har yau, wato turquerie. Yayin ya shiga kiɗa da wasan kwaikwayo da adon ɗaki da kayan tangaran, amma a hotunan mutane ya fi barin shaida, domin a nan ne ake ganin wane da wance, da sunansu da muƙaminsu, sanye da kayan daular da kakanninsu suka yi ɗaruruwan shekaru suna fargabarta. Daular da ake nufi ita ce Daular Usmaniyya ta Turkiyya mai hedikwata a Istanbul, birnin da Hausawan da suke kira Santambul. Kada a haɗa ta da ta Sakkwato, wadda ake yi wa irin wannan laƙabi.

Zamanin tsoro

Turawa sun san kayan Turkawa tun kafin yayin ya zo. Bayan Sultan Muhammad al-Fatih ya ci Konstantiniya, wato Istanbul, a 1453, ciniki bai tsaya ba tsakanin daularsa da biranen Italiya. Da ya yi sulhu da Venice a 1479, sai ya nemi a aiko masa da gwanin zane, aka tura masa Gentile Bellini. Hoton Sultan da ya zana a 1480, da farin rawani da riga mai gashin dabba a wuya, yana gidan hotuna na ƙasa da ke Landan. Dardumomin Anatoliya kuwa sun zama kayan alfahari a gidajen masu hali, har ba a yarda a taka wasunsu, sai a shimfiɗa su a kan tebur. Haka Hans Holbein ya nuna ɗaya a hoton jakadu biyu da ya zana a 1533, kuma saboda yawan bayyanarsu a ayyukansa, dillalan kafet na kiran wani nau'insu da sunansa har gobe.

Sai dai a wancan zamani rawani a hoton Bature na nufin ɗayan abu biyu: ko abokin gaba, ko mutumin cikin labaran Attaura da Linjila. Masu zanen Venice da Holan sukan naɗa wa sarakuna da dattawan labaran addini rawani don a gane mutanen gabas ne. Rembrandt ya zana wani dattijo da ƙaton rawani da alkyabba mai ruwan zinariya a 1632, kuma masana sun fi karkata ga cewa wani ɗan Holan ne aka yi wa shigar a ɗakin aikinsa. Waɗanda aka zana da sunansu cikin irin wannan shiga kaɗan ne, galibi waɗanda suka taka ƙasar da ƙafarsu, irin Nicolas de Respaigne, ɗan kasuwar Antwerp da Rubens ya zana wajen 1620 yana tsaye a kan darduma, hannu a ƙugu.

Abin da ya sauya lamarin yaƙi ne. Turkawa sun yi wa Vienna ƙawanya a 1529, suka sake komawa a 1683 ƙarƙashin Babban Waziri Kara Mustafa. A watan Satumba na wannan shekara Sarkin Folan, Jan Sobieski, ya kawo wa birnin ɗauki, rundunar Sultan ta watse ta bar tantuna, makamai, sirada da tufafi, aka rarraba su ganima a fadojin Jamus, Ostiriya da Folan. A yarjejeniyar Karlowitz ta 1699 daular ta saki mafi yawan Hungari. Muddin ana jin rundunar Sultan na iya bayyana a ƙofar gari, da wuya a sami basaraken da zai so a gan shi da rawani. Da fargabar ta kwanta, sai idon Turawa ya koma kan kyawun kayan. Augustus na Saxony ya riƙa shirya bukukuwa da tantunan Turkawa da sojoji masu shigar Janisari, wato dakarun Sultan, kayan da ya tara suna nan a Dresden.

Wasu abubuwa biyu sun share wa yayin fage a Faransa. Na farko gahawa ce, wadda zuwan manzon Sultan, Sulaiman Aga, fadar Louis na 14 a 1669 ya taimaka wajen tallata ta a Paris. Na biyu littafi ne da Hausawa suka sani sarai, Dare Dubu da Ɗaya. Antoine Galland, wanda ya yi aiki a ofishin jakadancin Faransa a Istanbul, ya fassara shi zuwa Faransanci, aka buga shi juzu'i goma sha biyu tsakanin 1704 da 1717. Labaran na Larabawa ne da Farisawa da Indiyawa, amma ga mai karatu na Paris duk Musulmi Baturke ne, duk fadar gabas ta Sultan ce.

Littafin da ya zama madubi

Mai zane ba ya ɗinka riga daga tatsuniya, sai ya ga yadda take. Wanda ya ba Turai wannan dama shi ne Jean-Baptiste Vanmour, haifaffen Valenciennes a 1671, wanda ya isa Istanbul a 1699 cikin ayarin jakadan Faransa, Charles de Ferriol, bai kuma sake komawa gida ba har ya rasu a can a 1737. Ferriol ya sa shi ya zana mutum ɗari na daular, kowa da shigarsa: Sultan, waziri, mufti, shugaban babannin fada, sojan Janisari, darwishi mai juyi, mace mai shan gahawa, yarinya mai ɗinkin surfani, Bagirke, Ba'armeniye, Bayahude, Balarabe. Aka sassaƙa hotunan a farantan tagulla, aka buga su littafi guda a Paris a 1714.

Da wuya a faɗi iyakar tasirin wannan littafi. An sake buga shi, an kwaikwaye shi a ƙasashe da dama. Masu tangaran na Meissen sun ƙera 'yan gumaka daga cikinsa, 'yan gidan Guardi na Venice sun ɗebi siffofinsa sun cika hotuna masu yawa ba tare da sun je Turkiyya ba, teloli sun riƙa buɗa shi in an zo neman kayan biki. A Landan, Thomas Jefferys ya kwashi da yawa daga ciki ya zuba a nasa kundin tufafin al'ummomi da ya fara fitowa a 1757. Mafi yawan rawunan da ake gani a hotunan ƙarnin, in an bi salsalarsu, ga Vanmour za su koma.

Shi kansa yana da iyaka. Ya halarci zaman fada, ya ga jakadu na gaisuwa a gaban Sultan Ahmad na Uku, hoton da ya yi na zuwan jakadan Holan, Cornelis Calkoen, fada a 1727 yana Rijksmuseum a Amsterdam, kuma masana tarihi na dogara da shi. Amma sashen matan fada ba wurin da namiji baƙo zai leƙa ba ne. Matan da ya zana, a ra'ayin mafi yawan masana, Girkawa ne da Armeniyawa da 'ya'yan Turawa mazauna unguwar Pera, inda ofisoshin jakadanci suke. Wato tun daga tushe, abin da Turai ta fi ɗoki a kai shi ne abin da ta fi jahilta.

A 1721 mutanen Paris suka ga Baturke ido da ido. Jakadan Sultan, Yirmisekiz Muhammad Efendi, ya shiga birnin a watan Maris, Louis na 15, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, ya karɓe shi a fadar Tuileries. Jama'a, musamman matan manya, suka riƙa cika masaukinsa don kawai su ga yadda yake cin abinci. Ɗansa Sa'id, wanda ya rako shi, ya koma gida ya taimaka wa Ibrahim Muteferrika wajen kafa maɗaba'ar Turkanci a 1727, sannan ya dawo Paris a matsayin jakada a 1742. Jacques Aved ya zana shi a tsaye, cikin riga mai gashin dabba, kusa da teburin takardu, da kwarjinin da ake ba duk wani babban ma'aikacin gwamnati na Turai.

Matar jakada

A Ingila sunan mace ɗaya ya manne wa wannan yayi, Lady Mary Wortley Montagu. Mijinta ya je jakadanci wurin Sultan, ta zauna a Edirne da Istanbul a 1717 da 1718. Ta koyi Turkanci gwargwado, ta ziyarci matan manya a cikin gidajensu, ta shiga gidan wankan mata a Sofiya, wuraren da babu mai zane namiji da ya taɓa gani. A wata wasiƙa da ta aika wa ƙanwarta ta bayyana shigar da ta ɗinka ɗaya bayan ɗaya: wando mai faɗi na siliki ruwan hoda da ya sauka har kan takalmi, farar riga shara-shara mai faɗin hannu, wata matsattsiya a kanta mai maɓallan lu'ulu'u, sannan kaftani, ɗamara mai duwatsu, da hula da ake karkata ta gefe guda. Da wannan shiga aka zana ta sau da dama. A hoton da ake danganta wa Vanmour tana tsaye riƙe da hannun ɗanta, wata mata na kaɗa garaya irin ta Turkawa a gefe, birnin na hangowa a baya. Masu zanen Landan, irin Charles Jervas da Jonathan Richardson, sun sake zana ta bayan ta koma, a hannunsu kuma kayan suka fara gaurayuwa da na Ingila.

Abin da ya sa ra'ayinta ke da nauyi shi ne ta gani da idonta, kuma abin da ta faɗa ya saɓa wa abin da matafiya maza suka saba rubutawa. A ganinta lulluɓi na ba matan Turkawa damar fita ba tare da an gane su ba, kuma mace mai aure a can na riƙe da dukiyarta, abin da dokar Ingila ta lokacin ba ta yarda wa matar aure ba. Ta ba da labarin yadda matan gidan wanka suka ga 'yar rigar ciki mai tauri da Turawa ke ɗaure ƙugu da ita, suka zaci wani keji ne mijinta ya kulle ta a ciki. Ana iya cewa ta kambama 'yancin da ta gani, tunda matan manyan gidaje kawai ta yi hulɗa da su, amma ta kalli matan a matsayin mutane masu hankali da ra'ayi, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a rubutun Turawan zamaninta.

Ba tufafi kaɗai ta ɗauko ba. Agana ta kashe ƙaninta, ita ma ta bar mata zane a fuska. Da ta ga tsofaffin mata a Turkiyya na tsaga fatar yara su sa ɗan ruwan ƙurjin mai cutar don ya zama rigakafi, sai ta sa aka yi wa ɗanta a 1718, aka yi wa 'yarta a Landan a 1721 lokacin annoba, daga nan dabarar ta bazu a Ingila. Wasiƙunta sun fito a littafi a 1763, shekara guda bayan rasuwarta, suka sake hura wa yayin wuta.

Mai zanen da ake kira Baturke

A cikin masu zanen wannan fanni babu kamar Jean-Étienne Liotard, ɗan Geneva da aka haifa a 1702. A Italiya ya haɗu da wasu samarin masu sarautar Ingila, cikinsu har da Lord Sandwich da William Ponsonby, ya bi su Istanbul a 1738. Su suka koma, shi ya zauna shekara huɗu. Gwaninsa alli mai launi ne, idonsa kuwa na masaƙi: yana bin zaren yadi, yana nuna inda siliki ke ƙyalli da inda karan-miski ke shanye haske, ba ya ƙara abin da bai gani ba. A wani hotonsa, wata mata ta tsaya a ɗakin wanka a kan dogayen takalman katako da ke hana ƙafa taɓa ruwa, da doguwar tukunyar taba a hannu, yatsunta ja da lalle, tana yi wa yarinyar da ke mata hidima magana. A wani kuma, wanda ke Louvre, ɗan kasuwar Ingila Levett na zaune a kan shimfiɗa da shigar Turkawa, wata budurwa mai suna Glavani na kaɗa masa garaya mai dogon wuya. Babu tsiraici, babu takobi, babu kishiya mai makirci. Mutane ne a ɗaki, suna zaman da mutanen Pera ke yi.

Ya zana Richard Pococke, malamin cocin Ingila mai yawon binciken kufai, tsawonsa guda cikin shuɗiyar riga da gemu. Ga irin su Pococke shigar na da amfani na zahiri, domin matafiyi a Sham ko Masar ya fi samun kwanciyar hankali in ya saje da mutanen gari. Hoton kuma shaida ce da zai nuna a gida cewa ya je. Sandwich da Sir Francis Dashwood ma sun kafa wata ƙungiya a Landan a 1744, wadda sharaɗin shigarta shi ne mutum ya taɓa taka ƙasar Sultan, kuma da rawani suke zaman taro.

Daga Istanbul Liotard ya wuce Moldabiya, inda ya tara gemu irin na manyan ƙasar, ya isa Vienna a 1743 da doguwar riga da ƙatuwar hular gashi, a zamanin da kowane mai mutunci a Turai ke aske fuska ya ɗora gashin aro mai farar hoda. Nan take ya zama abin kallo, kasuwarsa ta buɗe. A hoton kansa na 1744, wanda ke gidan tarihi na Uffizi a Florence, da hannunsa ya rubuta cewa ana masa laƙabi da mai zane Baturke, alhali gemun da hular na Moldabiya ne. Sarauniya Maria Theresa ta karɓe shi hannu biyu. Ita kanta Martin van Meytens ya zana ta wajen 1744 cikin shigar Turkawa, da abin rufe fuska na biki a hannu, shekara sittin kacal bayan kakanta ya tsere daga Vienna saboda rundunar Kara Mustafa. A Paris, Liotard ya zana Marie-Adélaïde, 'yar Louis na 15, a 1753, ta kishingiɗa a kan doguwar kujera da wando da 'yar hula, hankalinta na kan littafin da take karantawa. Gemun nasa bai sauka ba sai da ya yi aure a Amsterdam a 1756.

Abin da matan ke nema

Mata sun fi maza yawa a waɗannan hotuna, kuma dalilansu a fili suke. Shigar fada ta lokacin azaba ce: ƙugu a ɗaure tamau, siket a buɗe ta yadda mace ba ta shiga ƙofa sai a karkace. Kayan Turkawa sun ba ta damar ta zauna, ta jingina, ta bayyana a sake ba tare da an ce ta yi rashin kamun kai ba, tunda kowa ya san shigar aro ce. Akwai kuma lissafin kuɗi. Hoto abu ne mai tsada da ake so ya wuce jikoki, yayin Paris kuwa shekara kaɗan yake yi ya zama abin dariya. Sir Joshua Reynolds, shugaban farko na makarantar zane ta sarautar Ingila, ya sha gargaɗin ɗalibansa game da zana mutane cikin kayan yayi, rigar gabas mai saukowa kuwa ba ta nuna shekarar da aka ɗinka ta. Sai kuma bukukuwan ɓad-da-kama da suka cika Landan, Venice da Vienna, inda shigar matar Sultan ke cikin waɗanda aka fi so. A 1748 ɗaliban zane na Faransa da ke Roma suka zaga gari a matsayin ayarin Sultan mai tafiya Makka, Joseph-Marie Vien ya zana kayansu ɗaya bayan ɗaya.

A Faransa siffar matar Sultan ta ɗauki wata ma'ana. Jean-Marc Nattier ya zana Mademoiselle de Clermont, jinin gidan sarauta, a 1733, tana zaune a wurin wanka da farar rigar ciki, ƙafafu a buɗe, baƙaƙen bayi na kewaye da ita da tawul da kayan ado. In aka cire dardumar da rawunan bayin, babu abin Turkiyya a hoton. Sunan gabas ne ya halatta a nuna 'yar sarauta a yanayin da ba za a yarda a nuna ta ba a matsayin kanta. Madame de Pompadour, farkar Louis na 15 wadda daga baya ta zama aminiyarsa mai faɗa a ji, ta sa Carle Van Loo ya yi mata hotuna don ɗakinta na Turkawa a gidan Bellevue a farkon shekarun 1750. A ɗayansu, wanda ke Hermitage a Rasha, matar Sultan na zaune a kan matasai, doguwar tukunyar taba a hannu ɗaya, ɗayan na karɓar finjalin gahawa daga wata baƙar kuyanga, kuma an daɗe ana ganin kamannin Pompadour a fuskar. Babu Sultan a hoton. Masana da dama na fassara shi da cewa mace ce ke shelar ikonta a fadar da ba ta da sarautar gado a cikinta.

Baƙaƙen bayin nan sun cancanci a tsaya a kansu. Masu zanen sun sa su ne don farin uwar gida ya ƙara fitowa, a kuma san tana da mutane a ƙarƙashinta, sunayensu ba su zo a ko'ina ba. An jingina bautar ga Turkawa, kamar wani abu ne na nesa, alhali a daidai wannan lokaci jiragen Nantes, Bordeaux da Liverpool na jigilar 'yan Afirka zuwa tsibiran Karebiyan. Gahawar da ke cikin finjalin ma, zuwa tsakiyar ƙarnin, mafi yawan wadda Faransa ke sha ba daga Yaman take zuwa ba, daga gonakin Martinique da Saint-Domingue take, inda bayi ke noma ta. Shi kansa Ferriol, uban littafin hotuna ɗari, ya sayi wata ƙaramar yarinya Bacarkasa a kasuwar bayi ta Istanbul ya kai ta Faransa, inda ta girma aka san ta da Mademoiselle Aïssé, ta rasu a 1733.

Wani abin da ya salwanta a hanya shi ne ma'anar kayan. A daular Sultan tufafi doka ce. Siffar rawani na faɗin muƙamin mai shi, har a kan dutsen kabarinsa akan sassaƙa irin nasa. Kore na sharifai ne, rawayan takalmi na Musulmi ne, Kiristoci da Yahudawa na da launukan da aka keɓe musu, irin gashin dabbar da ke wuyan riga na tafiya da daraja. Kamar yadda a Kano ba kowa ke naɗa rawani mai kunne biyu ba, haka a Istanbul ba kowa ke sa abin da ya ga dama ba. A ɗakin mai zane na Paris ko Landan duk wannan ya rushe, aka haɗa hular wannan da ɗamarar wancan, aka ƙara gashin tsuntsu da lu'ulu'u, wani lokaci a kan rigar da ƙugunta ke ɗaure irin na Turai.

Yayin ya ƙetare teku. John Singleton Copley, wanda a lokacin bai taɓa fita daga Amurka ba, ya zana Margaret Gage, matar babban kwamandan sojan Birtaniya a can, a New York a 1771, da ɗan rawani da jar riga mai sheƙi. Reynolds ya zana Jane Baldwin a 1782 ta harɗe a kan shimfiɗa, ita kuwa haifaffiyar Izmir ce, kayan ba baƙi ba ne a wurinta. Marie Antoinette ta sa an yi mata ɗakin Turkawa a Fontainebleau a 1777, kuma a 1782 Mozart ya fito a Vienna da wasan waƙarsa na sato mace daga gidan wani Pasha.

Yadda ya ƙare

Sha'awar ba ta gefe ɗaya ba ce. A zamanin Ahmad na Uku mai zanen fada, Levni, ya zana Turawa da hulunansu, rahoton da Muhammad Efendi ya kawo daga Faransa ya ja hankalin fada ga lambuna da gine-ginen can, Masallacin Nuruosmaniye da aka gama a 1755 ya ɗauki salon adon Turai. Amma ma'aunin ƙarfi ya ci gaba da karkata. Rasha ta doke daular ta tilasta mata wata yarjejeniya a 1774, Napoleon ya mamaye Masar a 1798, Girkawa suka yi tawaye a 1821, Turai ta goya musu baya. Mawaƙin Ingila Lord Byron, da Thomas Phillips ya zana shi a 1813, kayan Albaniya ya sa, kuma a Girka ya mutu yana taimakon masu yaƙar Sultan. Manyan Turai suka rage shiga kayan da kansu, masu zanen ƙarni na 19 suka koma zana mutanen gabas a matsayin abin kallo. Ingres, wanda bai taɓa zuwa Turkiyya ba, ya kwafi bayanin Lady Mary na gidan wanka a littafin aikinsa, ya fitar da hoton 1862 mai cike da mata tsirara, wanda ya yi hannun riga da mutuncin da ita ta gani a wurin. Irin wannan kallo ne masani Edward Said ya yi wa suka a littafinsa na 1978. Sukar ta hau Nattier da Ingres daram, amma ba adalci ba ne a zuba Liotard da Vanmour a kwando ɗaya da su, domin masu nazarin tufafin daular na komawa ga ayyukansu don sanin yadda aka ɗinka kaya da yadda aka sa su.

Su ma Turkawan sun ajiye kayan. Sultan Mahmud na Biyu ya rushe rundunar Janisari a 1826, a 1829 ya umarci ma'aikatan gwamnati su bar rawani da manyan riguna, su koma wando da kwat da jar dara, malaman addini kaɗai aka bar wa rawani. Ya sa aka zana shi cikin kakin soja irin na Turai, aka rataye hoton a ofisoshi da barikoki. Darar ita ma Mustafa Kamal Ataturk ya hana ta da dokar hula ta 1925.

Biyu daga cikin mafi kyawun hotunan yayin na Antoine de Favray ne, wanda ya zauna a Istanbul daga 1762 zuwa 1771. A 1766 ya zana jakadan Faransa, Charles Gravier de Vergennes, zaune a kan shimfiɗa da riga mai gashin dabba da doguwar tukunyar taba, a 1768 ya zana matar jakadan, Annette, 'yar Pera da ya aura ba da izinin sarkinsa ba. A wannan shekara aka kira Vergennes gida, amma a 1774 ya zama ministan harkokin waje na Louis na 16, shi ne kuma ya shigar da Faransa yaƙin 'yancin Amurka. Hotunan biyu yanzu suna gidan tarihi na Pera a Istanbul, wanda aka buɗe a 2005 a unguwar da ofisoshin jakadancin Turai suke a zamanin da aka zana su.